Zanen da na goge bayan awa uku

Yau maganar zane za mu yi, zanen barkwanci na siyasa, wanda wasu ke kira katun. Kuma da abin kunyar kaina zan fara.

Shekarun baya an haƙa mana burtsatse a unguwarmu a nan Birnin Kudu. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yanka kyalle, an ɗauki hotuna. Ba a jima ba famfo ya tsaya cak. Mata da yara suka koma wa 'yan garuwa. Ni kuma lokacin jinina na tafasa, ina ɗan taɓa zane tun ina sakandare, sai na ɗauki biro na zana ɗan siyasar da ya kawo aikin. Na yi masa tumbi kamar randa, na ƙara masa hanci, na sa shi ya kafa baki a tankin yana zuƙe ruwan, ga yara a ƙasa da bokitai wayam. Na ɗauka a waya na ɗora a Facebook bayan La'asar.

Kafin Isha'i Hajiyarmu ta aiko a kira ni. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Kai, uban wa ka zana?" Ashe matar mutumin ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kuma ɗansa ajinmu ɗaya a firamare. Ta ce, "Gobe da wace fuskar zan shiga gidan suna in zauna kusa da ita?" Na ce, "Hajiya, ai gaskiya na faɗa." Ta ce gaskiyar ta ci gidansu, in goge. Na goge. Awa uku zanen ya yi a duniya.

To wannan ita ce matsalar da masu zane na manyan jaridu ba su cika fama da ita ba. Ku duba Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda yawancinmu a waya muka san aikinsa kafin mu taɓa riƙe jaridar. Ko Mike Asukwo na BusinessDay. Ko ku koma can baya ga Akinola Lasekan, mai sa hannu da sunan Lash, wanda tun shekarun 1940 yake caccakar Turawan mulkin mallaka a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. Waɗannan shugaban ƙasa suke zanawa, da ministoci, da 'yan majalisar Abuja. Shugaban ƙasa ba zai zo ɗaurin auren ƙanwarka ba. Kansila zai zo, har ya ba da gudummawa.

Ban ce nasu ba shi da haɗari ba fa. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin sojan Buhari, an ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda. Kada ku ce wannan tarihi ne. A watan Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, nan kusa da mu, kan rubutu ɗaya da ya yi a Twitter game da matar shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, sai da ƙungiyoyin ɗalibai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar. A watan dai, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci kan gwamna. Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama mutane da shi, ko da yake an yi masa gyara a 2024. Duk mai son shiga harkar nan ya san da wannan. Amma ni dai ba ɗan sanda ne ya tsayar da ni ba, Hajiya ce.

Kwana biyu ina kumbure-kumbure, sai kawuna ya zo daga Gwaram. Tsohon malamin firamare ne. Na nuna masa zanen a waya ina jiran ya goya mini baya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Ɗana, hannunka na da kyau, amma wannan zambo ne. Tumbin nasa ne ya hana famfon aiki?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "To ina famfon? Na ga mutum, ban ga aikin ba."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Domin mu Hausawa mun daɗe da raba waɗannan biyun. Zambo shi ne ka kama mutum ka muzanta halittarsa, irin wanda mawaƙin fada ke yi wa abokin gabar ubangidansa. Habaici kuwa ba ya kama suna. Ka jefa shi a tsakiyar taro, wanda ya tsargu shi ya sani. Yaran da ke tashe a watan azumi, su cusa tsumma a riga su fito da ƙaton ciki, da 'yan kama masu kwaikwayon wa'azi suna zancen tuwo da miya, duk hali suke kwaikwaya, shi ya sa mai halin ma yakan yi dariya ya ba da sadaka.

Sai na sake zama. Wannan karon babu mutum ko ɗaya. Famfo ne a tsakiya, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Kusa da shi allon buɗe aiki yana sheƙi, an goge shi tas, wurin suna na bar shi fari. Ga kyallen da aka yanka har yanzu yana lilo. Ga layin jarkoki ya miƙe har ya fita daga takardar. Shi ke nan.

Abin da ya ba ni mamaki, wannan ya fi na farkon tafiya nesa ba kusa ba. Ya shiga guruf-guruf na WhatsApp. Wani ya rubuto daga Gwaram yana rantsuwa famfon ƙauyensu ne. Wani ya ce na Buji ne. Kuma ba wanda ya kai ƙarata gida, don duk wanda ya zo ya ce an zage shi, to da bakinsa ya rubuta sunansa a allon nan. An gyara famfon? An gyara, amma sai da zaɓe ya matso, saboda haka ba zan yi muku ƙaryar cewa zanena ne ya yi aikin ba.

Wani zai ce ai wannan tsoro ne aka yi wa kwalliya. Akwai ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Akwai lokacin da ya kamata a ga fuska, musamman idan mutum ya yi abu a bainar jama'a kuma hujja na hannu. Bulama na zana fuskoki, kuma daidai ne, aikinsa ke nan, yana da edita da lauyoyin kamfani a bayansa. Kai da ke Sara ko Wurno da waya ɗaya da data ta naira ɗari biyar, wa ke bayanka?

Ga kuma wani abu da ya sauƙaƙa mini. A gidaje da yawa kalmar katun ba ta da farin jini tun zanen ɓatancin da wata jaridar Denmark ta yi ga Manzon Allah (SAW) a 2005, sannan ga maganar zana abu mai rai, wadda malamai suka yi bayani a kanta, ni kuma ba malami ba ne. Famfo da jarka dai ba wanda ya taɓa tare ni a kansu.

Idan aka ce mini zane baƙon abu ne a nan, sai in ce mutum ya je Dutsen Habude ko Dutsen Mesa. Zanen shanu ne a jikin dutse da jan launi, wasu masu dogayen ƙaho kuma marasa tozo, ba irin shanun da muke gani a kasuwa yau ba. Ba mu san sunan wanda ya zana ba, amma saboda shi muka san irin dabbar da ta taɓa kiwo a ƙasar nan. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da wurin, kuma da yawanmu 'yan garin ba mu taɓa leƙawa ba.

Akwai wanda ya gagare ni har yau. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Na zauna da biro dare uku. Duk abin da na zana sai in ga kamar ina neman tafi da gawar 'ya'yan mutane. Na gwada fastocin 'yan takara jere a bakin titi suna murmushi har zuwa bakin ramin, na ga ya yi wayo da yawa. Abin da ya rage a littafina shi ne titi ya taho ya yanke, ruwa a ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya a bakin kwalta. Ban ɗora ba. Kawu kaɗai na nuna wa, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini littafin bai ce komai ba.

Masu zane a cikinku, ku turo mana naku ta akwatin saƙo, ku faɗi garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.