TSAKI BA YA GYARA MANHAJA

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai na yammacin Asabar



Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwamfuta a makon da ake miƙa kundin digiri, ya san sautin da ya fi yawa a wurin, watau tsaki. Wannan ya matse fayil ya ƙi buɗuwa, wancan ya mayar da rubutunsa PDF ya iske layuka sun hau juna, waccan kuwa manhajarta ta rufe kanta da aikin awa uku a ciki. Mukan yi tsaki, mu zagi na'ura, mu kashe mu kunna, in Allah ya sa ta tashi shi ke nan, magana ta mutu. Abin da muka zo mu tattauna a yau shi ne inda wannan tsaki ya kamata ya tafi, domin kuwa har yanzu bai taɓa fita ƙofar ɗakin ba.

Da farko ya kyautu mu san masu ƙera waɗannan ƙananan manhajoji da muke aiki da su dare da rana. Da yawanmu muna zaton wani ƙaton kamfani ne mai dubban ma'aikata, wanda ba zai saurari ɗan makaranta ba. Ba haka abin yake ba. 7-Zip da muke matse fayiloli da shi, mutum ɗaya ne ya fito da shi a 1999, wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov. Notepad++ aikin Don Ho ne, tun 2003. VLC kuwa, wanda babu kwamfutar ɗalibin da ba a samunsa a ciki, 'yan'uwanmu ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniya da ke kusa da Faris a 1996, aka sake shi ga kowa da kowa a 2001. Irin waɗannan mutane ba su da rundunar masu gwaji. Mu da muke amfani da kayan, mu ne idanunsu, kuma abin da ba mu faɗa musu ba, ba su da hanyar saninsa.

Turawa suna kiran tangarɗar manhaja da sunan ƙwaro. Ran 9 ga Satumba 1947, masu kula da wata kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tarar da wani ƙwaro irin mai bin fitila da dare ya maƙale a cikin na'urar. Suka ciro shi suka liƙa a littafin aiki. Kalmar ta girmi wannan rana, domin injiniyoyi sun daɗe suna amfani da ita. Abin da ya burge mu shi ne abin da suka rubuta kusa da gawar ƙwaron: ƙarfe nawa ne, da lambar ainihin gurbin da aka same shi. Wanda duk ya zo bayansu ya san inda zai duba.

To, mu fa? In har mun daure mun rubuta, abin da mukan aika bai wuce "ba ya aiki, ku gyara" ba. Wannan daidai yake da mutum ya je asibiti ya ce wa likita ba shi da lafiya, sa'an nan ya kama bakinsa ya yi shiru. Simon Tatham, mai manhajar PuTTY, sai da ya zauna ya rubuta doguwar maƙala a 1999 a kan yadda ake kai rahoton matsala, saboda irin waɗannan saƙonni sun ishe shi. Mai gyara yana bukatar ya ga ciwon da idonsa a kan tasa kwamfutar. Saboda haka tilas mu gaya masa fitowa ta nawa ce ta manhajar muke da ita, a kan Windows ko Linux, me muka danna da fari, me ya biyo baya, me muka yi tsammani, me kuma ya faru. In saƙo ya fito a allo, mu kwafe shi harafi da harafi. Kada mu haɗa abin da muka gani da abin da muke zato. Mai cewa "ƙwayar cuta ce ta shiga" alhali bai ga kome ba, ɓatar da likita yake yi. Kuma matsala ɗaya, rahoto ɗaya.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu rubutu da Hausa. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, duk suna da lambobinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Iyayenmu da suka yi aiki da tafireta da biro suke bi suna laƙaba ƙugiyoyi bayan sun gama bugu, su kam suna da uzuri. Mu ba mu da shi. Amma har gobe za ka ga ɗalibi ya buga kundinsa, ƙ ta koma ɗan akwati ko alamar tambaya, sai ya ce a cire ƙugiyoyin gaba ɗaya a huta. Nan take baƙin gwamna suka zama bakin gwamna, ƙafa ta zama kafa, ɗari ta koma dari. Mun san wata 'yar ajinmu da ta sake buga shafi fiye da sittin da kuɗin abincinta a kan wannan, kuma ko ita ko mu ba wanda ya rubuta wa mai manhajar.

Ga shi kuwa ciwon ba iri ɗaya ba ne, kuma rarrabe shi rabin magani ne. In ɗan akwati ya fito, galibi zubin haruffan da aka zaɓa ne ba shi da hoton harafin; a sauya zubi a gani. In alamar tambaya ce ko wasu baƙaƙe barkatai, to an adana fayil ɗin ne da tsohon tsari wanda bai san harafin ba. Notepad na Windows ya daɗe yana adanawa da irin wannan tsohon tsari sai in mutum ya sauya da kansa, sai a 2019 aka mayar da UTF-8 ya zama na asali. Akwai kuma wani ciwon da ba a cika lura da shi ba. Ku ba wasu ƙananan manhajoji jerin sunayen 'yan aji su tsara bisa abacada, za ku iske Ɗahiru da Ɗanjuma sun faɗa can ƙasa da Zainab da Zubairu, domin manhajar lambar harafi take bi, lambar Ɗ kuwa ta fi ta Z girma. Haka nan ɗan waƙafin saman da ke gaban 'ya'ya da 'yan'uwa, manhajojin rubutu sukan ɗauke shi a matsayin buɗe zance su juya masa fuska. Mai ƙera manhaja da ke zaune a Mosko ko Faris ba mugunta ya yi mana ba. Bai taɓa jin sunan Ɗahiru ba ne. Fayil mai sunaye biyar kacal, da bayanin cewa a Hausa ɗ tana bin d ne, ya isa ya nuna masa kome.

Game da shawarar a ƙara wani abu sabo, a taƙaice za mu ce a faɗi bukata da dalilinta, a bar wa maƙeri yadda zai ƙera. A fara dubawa ko wani ya riga ya nema, domin manyan ayyuka irin su LibreOffice suna da rumbun rahotanni da kowa zai iya bincikawa. In an ce a'a, ba cin mutunci ba ne. Kowane maɓalli da aka ƙara, wani ne zai yi ta rainonsa shekara da shekaru, yawanci ba da ko anini ba.

Wannan batu na "ba da ko anini ba" shi ya kawo mu ga wani labari da muke so ku riƙe. Akwai wata 'yar manhajar matse fayiloli mai suna xz, wadda kusan kowace kwamfuta mai Linux take ɗauke da ita. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne, Lasse Collin, yake ɗawainiya da ita a lokacin hutunsa. A 2022 wasu suka taso shi gaba da saƙonnin ƙorafi: aiki ya tsaya, ba ka kula, ka ba wani. Ya gaya musu rashin lafiya ta rage masa ƙarfi, kuma aikin sa-kai ne, ba su sassauta ba. A ƙarshe wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya daɗe yana taimakawa, ya sami ikon taɓa manhajar. A farkon 2024 ya cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta bazu da ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutoci marasa adadi. Masu bincike da yawa suna ganin masu ƙorafin nan ma na bogi ne, an shirya su ne don a gajiyar da mai kayan.

Wa ya tona asiri? Wani injiniya, Andres Freund, wanda aikinsa ma daban ne. Ya lura shiga wata kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkiri da kamar rabin daƙiƙa, na'urar kuma tana wahala fiye da kima. Jama'a, rabin daƙiƙa! Da mu ne, da tsaki za mu yi mu ɗora laifin a kan intanet. Shi kuwa ya auna, ya bi sawu har ya iske tushen abin, ran 29 ga Maris 2024 ya rubuta rahoto dalla-dalla, kafin fitowar ta kai ga yawancin jama'a. Ku dubi yadda manhaja guda ta ga iri biyu na masu magana: waɗanda suka yi ta hayaniya ba tare da bayani ba, da wanda ya zo da awo da hujja.

Mun san za a ce Turancinmu bai kai ba. Mai gyara ba jarrabawar nahawu yake makawa ba; jimloli gajeru masu lamba ɗaya, biyu, uku, da hoton allo, sun wadatar. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada a tura fayil mai ɗauke da sirrin mutane, kamar sakamakon jarrabawa ko lambobin waya. A ƙirƙiri ɗan ƙarami na gwaji.

Daga ranar Litinin za mu ajiye littafi a kan teburin da ke bakin ƙofar ɗakin kwamfuta. Wanda manhaja ta ba shi haushi ya rubuta sunanta, da lambar fitowarta, da abin da ya danna. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mu zauna mu gwada, abin da ya maimaitu a kan na'ura biyu mu aika. Shafin farko mun riga mun cika shi da batun Ɗahiru, muna kuma neman mutum biyu masu Linux da za su gwada mana kafin mu tura.