Auna Watsi da Tsohon Tsari: Darasin Soke Haraji a Ƙasar Dawakin Tofa



Kowace ma'aikata takan ƙidaya abin da ta koya, amma da wuya a sami wadda ke ƙidaya abin da ta bari da gangan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Bo Hedberg, ya nuna a 1981 cewa ma'aikatar da ba ta iya sakin tsohon sani ba, sabo ba zai zauna mata ba. To, da wane mudu za a auna wannan saki?

Ƙasar Dawakin Tofa, wadda Madakin Kano ya daɗe yana riƙe da ita, ta isa misali. A zamanin En'e, kowace shekara mai unguwa yakan kawo sunayen baligai ga dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya shigar a kundi, kuɗi su tafi baitulmali. A 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, kuma a watan Oktoba na 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Mudu na farko shi ne takarda: an janye doka, an daina buga rasit, an cire kason daga kasafin kuɗi? Wannan ya fi sauƙin aunawa, ya kuma fi yaudara.

Na biyu shi ne aiki. A duba ko mai karɓa ya daina karɓa, ko kuwa suna kurum aka sauya. Mai bincike sai ya zauna da manomi, ko ɗan kasuwar hatsi ta Dawanau, ya lissafa abin da ke fita daga aljihunsa a shekara, da hannun da yake faɗawa. Hali zanen dutse ne, sanarwa ɗaya ba ta kankare shi.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne abin da ya bi tsohon tsarin ya salwanta. Kundin haraji ya wahalar da talaka, har wasu kan yi ƙaura don gudunsa, makiyaya kuma su ɓoye shanu. Amma shi ne kuma lissafin mazajen kowane ƙauye da ake sabuntawa duk shekara. Ƙasa mai cunkoso irin wannan, inda gona ke jingine da gona, tana bukatar irin wannan lissafi wajen rabon takin zamani da gina makarantu.

Saboda haka, duk ma'aikacin da aka umarta ya rufe wani tsohon fayil, ya fara rubuta amsar tambaya biyu: wace cuta ce ake kawarwa, kuma wane amfani ne fayil ɗin ke yi a ɓoye, wa zai ɗauke shi daga gobe?