Kada Muryoyin Magabata Su Mutu A Cikin Kaset

 

An ɗora mini nauyin yin bayani a kan kaset-kaset ɗin ƙungiyarmu, na rediyo da na bidiyo, waɗanda ke jibge a gidajen mambobi a Dutsin-Ma da Kurfi. A cikinsu akwai jawaban malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da ƙurar hunturu na cin zaren kaset, ga shi kuma kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urar kallon kaset ɗin bidiyo tun 2016. Duk wadda ta lalace, sai dai a nemi tsohuwa. Ku duba Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: abin da aka naɗa aka adana, shi muke saurare yau.

Aikin farko shi ne juye kaset zuwa kwamfuta. Manhajar Audacity, wadda ta fito a 2000, kyauta ce, tana rage ƙugi da shuu ɗin tsohon kaset. Sai dai sauti kawai take fitarwa. Don haka a cire muryar daga bidiyon, a tace ta, sa'an nan a sake haɗa su a manhajar bidiyo.

A nan ne matasa kan kawo kuka iri biyu. Na ɗaya, sautin na sarƙewa yayin da ake aiki. Dalili shi ne kwamfuta na tara sauti a wani ɗan rumbu kafin ta sake shi zuwa lasifika. In rumbun ya yi ƙanƙanta, sai ya ƙare kafin a sake cika shi. A ƙara girmansa, a rufe sauran manhajoji, a kuma yi aiki da ƙaramin kwafin bidiyon, a bar babban sai lokacin fitarwa.

Na biyu, baki na motsi daban, murya na tafiya daban. Faifan CD na ɗaukar sauti sau 44,100 a sakan ɗaya, bidiyo kuwa sau 48,000. Idan na'ura ta karanta na farkon da ma'aunin na biyun, muryar za ta yi gudu, jawabin awa ɗaya ya ƙare kusan minti 5 kafin hotonsa. A tsayar da ma'auni a 48,000 tun daga farko. Haka nan kaset ɗinmu na tafiya da hoto 25 a sakan, amma wayar hannu kan yi ta canza nata adadin. Manhajar HandBrake na daidaita wannan, ita ma kyauta.

Wajen fitarwa, a yi kwafi iri biyu. Na ajiya ya zama WAV, wanda ke cin kimanin megabait 10 a minti ɗaya amma ba ya zubar da komai. Na rabawa ya zama MP4. Kada a mai da abin da ya biyo ta WhatsApp kwafin ajiya, domin matse shi ake yi.

Shawarata ita ce a kafa kwamiti ya tattara kaset ɗin, ya rubuta sunan mai magana da shekara a jikin kowane. A nemi taimakon 'ya'yanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a Kurfi, ɗaya a intanet. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan malamanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.