Bakasi: Abin da Muka Rasa da Abin da Muka Tsira da Shi



Abin da ya tara mu yau shi ne zaman Nijeriya da Kamaru, maƙwabta biyu masu iyaka ta kusan kilomita 2,000, tun daga Tafkin Cadi har bakin teku. Mun sani tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Saɓanin waɗannan ƙasashe kuwa a kan Bakasi ya fi tsanani, watau wani yanki na masunta a bakin teku, wanda ake kyautata zaton akwai man fetur a ruwansa.

Asalin maganar yarjejeniya ce da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913, ba tare da shawarar mazauna wurin ba. A 1975 Janar Gowon da Shugaba Ahijo suka sa hannu a wata takarda a Marwa game da iyakar teku, amma daga baya Nijeriya ta ce majalisar mulkin soja ba ta tabbatar da ita ba. A 1981 aka kashe sojojinmu 5 a kan iyaka, har aka yi zaton yaƙi ya zo. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya, kuma ran 10 ga Oktoba 2002 kotun ta ba ta Bakasi. Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka ƙulla yarjejeniyar janye soja a 2006, aka miƙa yankin ran 14 ga Agusta 2008. Mu 'yan Arewa ma hukuncin ya taɓa mu, domin ƙauyuka irin su Darak na Tafkin Cadi sun koma Kamaru tun 2003.

Akwai masu cewa mun yi sake, mun ba da ƙasa ba a ci mu da yaƙi ba. Ba mu raina ɗacin zuciyarsu ba, amma ra'ayinmu ya saɓa da nasu. Mu dubi kasuwa. Shanun da ke shigowa Mubi daga Kamaru, da kayan masarufin da fatakenmu ke kaiwa Garwa da Marwa, duk a kan zaman lafiya suke tafiya. Mun ga abin da ya faru sa'ad da Boko Haram ta mamaye Banki da Gamboru a 2014: hanya ta mutu, ciniki ya tsaya, talakawan ɓangarorin biyu suka shiga uku. A 2015 sojojin ƙasashen biyu suka tsaya a rundunar haɗin gwiwa guda. Da mun gwabza yaƙi a kan Bakasi, da wace fuska za mu nemi taimakon juna?

Sai dai akwai bashin da ba a gama biya ba. Dubban masunta sun bar gidajen kakanninsu suka dawo Jihar Kuros Riba, waɗanda suka zauna kuwa suka wayi gari baƙi a mahaifarsu. Su ne suka biya kuɗin sulhun da muke mora.

'Yan'uwa, gobe wasunmu ne za su riƙe fayil a ma'aikatar harkokin waje, wasu su tsaya a shingen kwastan. In takardar iyaka ta zo gabanmu, mu fara da tambayar mutanen da ke zaune a kan layin, tun da a 1913 ba wanda ya tambaye su.