BEGEN BAB MAKKA, DA YADDA YA KAMATA A KOMA

Laccar da Magatakardan Liman ya yi wa 'yan Jam'iyya bayan sallar La'asar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, Malam ya umurce mu mu yi magana a kan wani abu da ya ke yawan tasowa a zaurensa. Ba a haɗa alhazai uku wuri ɗaya a zongon nan, a sha shayi, a tashi, ba a ambaci Bab Makka ba. Wannan ya ce dabinonta, wancan ya ce turarenta, na ukun ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya maimaita mana. Mu ma da Allah ya nufa muka taka wurin, ciwon nan bai bar mu ba. To, yau muna so mu bayyana ko mene ne wurin nan ga waɗanda ba su je ba, sa'an nan mu faɗi abin da ya wajaba a kan mai begen komawa.

Bab kalmar Larabci ce, ma'anarta ƙofa. Bab Makka kuwa ba a Makka ta ke ba, a Jidda ta ke, bakin Bahar Maliya. An sa mata sunan ne don ita ce ƙofar gabas ta tsohon gari, wadda a ke fita ta cikinta a nufi Makka, kamar yadda a Kano za ka ji ƙofa da sunan wurin da hanyarta ta dosa. Tun zamanin Sayyadina Usmanu ɗan Affan, cikin shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda mashigin jiragen ruwa na Makka. Wajen shekarar 1509 wani sarkin yaƙi mai suna Husaini al-Kurdi, da umurnin Sarkin Masar, ya kewaye garin da ganuwa don tsoron Turawan Fotugal. Sun kuwa zo da jiragensu cikin 1517, amma ba su sami cin garin ba. Ganuwar nan ta tsaya shekaru fiye da 400, sai cikin 1947 aka rushe ta don gari ya yalwata. Ƙofar da mu ke gani yanzu, mai baki uku, sabunta ta aka yi don tunawa. Cikin 2014 kuma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin, wanda su ke kira Balad, cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da idonmu ya gani, gani kuwa ya kori ji, shi ne kasuwa wadda ba ta cika sai rana ta faɗi. Da rana zafi da gumin teku su kan kori kowa, amma da an yi Magariba sai fitilu su kama, tituna su tsuke da mutane. Ga dabino iri-iri a tsibe, ga zaitun, ga zuma, ga kanumfari da citta da habbatus sauda a buhuna, ga carbi da dadduma da jallabiya a rataye. Hayaƙin turaren wuta ya gauraya da ƙanshin hanta da a ke soyawa a bakin hanya. Da ladan ya kira salla muka ga masu kanti da yawa sun ja mayafi sun rufe kayansu, sun nufi masallaci. Mu fatake wannan ya tsaya mana a rai ƙwarai.

In ka bar ƙofar ka shiga cikin gari, sai ka bi Kasuwar Alawi, wadda ita ce hanyar da alhazan da su ke bi daga bakin teku zuwa ƙofa. Dama da hagu dogayen benaye ne na dutsen teku, da tagogin katako masu zane waɗanda su ke ce ma rawashin. A nan Gidan Nasif ya ke, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka sa'ad da ya shiga Jidda cikin 1925. A ƙofar gidan akwai itacen dogon yaro, irin wanda ya ke ƙofar masallacinmu, an ce a wani zamani shi kaɗai ne itace a garin duka. Can gaba kuma akwai maƙabartar da mutanen garin su ke dangantawa ga Uwarmu Hauwa'u.

Amma abin da ya fi kama zuciyar Bahaushe ba gini ba ne. Kana cikin ciniki da ɗan Larabcinka na allo, sai ka ji daga bayanka an ce, Alhaji, daga ina? Ka waiga ka ga mutum da farar riga da rawanin Larabawa, an haife shi a Jidda, an haifi ubansa a Makka, amma Hausa na bakinsa. Ka ga tsire da ƙuli da yaji, Larabawa na layi suna saye, suna kiransa da sunan da ya yi kusa da namu. Sunayen iyali irin su Hausawi, da Fallata, da Barnawi duk shaida ne. Har madugun 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018, Usama Hausawi sunansa.

To, yaya aka yi suka kai can? Da ƙafa, jama'a. Kakanninmu su kan tashi daga Salaga ko Kumasi su bi hanyar goro zuwa Kano, daga nan Barno, su haye zuwa Fort Lami, wadda yanzu a ke kira Njamena, su ratsa Wadai da Darfur har El Obeid, inda su kan tarar da jirgin ƙasa. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, shekara ɗaya ko biyu, kana a ci gaba zuwa Sawakin ko Port Sudan a shiga jirgin ruwa. Waɗansu su kan yi shekara 5, waɗansu fiye da 10, waɗansu kabarinsu na hanya. Garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Wanda Allah ya kai Jidda a cikinsu, Bab Makka ce ƙofarsa ta ƙarshe. Daga nan sauran tafiyar kwana biyu bisa raƙumi, ko a ƙasa, a yada zango a Bahra. Saboda haka in mun tsaya gaban ƙofar nan, sawun iyayenmu mu ke takawa, shi ya sa hawaye ya kan zo ma mutum bai shirya ba.

Yanzu zamani ya sake. Tun 1981 aka buɗe babban filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, mai rumfunan alhazai. Tun 2016 alhazan arewacin ƙasar nan suka fara tashi daga Tamale. Cikin 2018 aka buɗe jirgin ƙasa mai sauri, wanda ba ya cika awa ɗaya tsakanin Jidda da Makka. Alhaji ya kan je ya komo bai ga Bab Makka da idonsa ba, sai fa ɗan kasuwa mai neman tsaraba ko kayan sari. Kuma mai begen komawa ya sani, ba duk abin da ya bari zai tarar ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukuma ta rushe unguwanni masu yawa a Jidda, har da Sabil, da Kandara, da Gulail, inda baƙaƙen fata da dama su ke zaune. Gidan da aka taɓa ba ka fura ko tuwo, watakila yau fili ne, mutanensa sun watse. Wannan ya isa wa'azi: in kana da ɗan'uwa ko mai masauki a can, neme shi tun yau, kada ka ce sai ka koma.

Yanzu mun zo ga zuciyar magana. Begen wuraren nan alheri ne, alamar imani ce, ba mai zargin kowa a kansa. Amma bege doki ne, in ba linzami sai ya ka da mai shi. Mun sani, ku ma kun sani, akwai masu yawo cikin zongo suna cewa su kawo kuɗi kaɗan, a yi musu bizar ziyara, su shiga tun da wuri su ɓuya, in lokaci ya yi su saje da alhazai. Waɗanda su ke fi saurin faɗawa kuwa su ne waɗanda suka taɓa zuwa, don suna ganin sun san gari, sun san lungu.

Ku saurari abin da ya faru cikin 2024. Aikin Hajji ya faɗo cikin watan Yuni, zafi a Makka ya haura digiri 50. Hukumar Saudiyya da bakinta ta ce mutum 1,301 suka rasu, kuma 83 cikin kowane 100 nasu ba su da takardar izinin Hajji. Dalili a fili ya ke. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba shi da mota, ba shi da shugaban ayari mai ƙirga shi. A ƙasa ya ke tafiya cikin rana, yana gudun 'yan sanda, in jiri ya ɗebe shi yana tsoron zuwa asibiti. In ya faɗi, iyalinsa su kan yi makonni suna cigiya. Cikin 2025 kuma hukuma ta sanar da tara har Riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, a kore shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Ashe mai sauri ya koma ya rufe wa kansa ƙofa ke nan. Sauri ya haifi nawa.

Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara, a cikin Risala da sauran littattafan fiƙihu, cewa Hajji sau ɗaya ya wajaba a rayuwa, shi ma ga mai iko, watau mai guzuri da lafiya da amincin hanya. Na biyu nafila ne. Ciyar da iyali kuwa wajibi ne, biyan bashi wajibi ne, tsare rai wajibi ne. Yaya mutum zai sayar da rumfarsa, ko ya cinye jarin abokin cinikinsa, ko ya bar yara ba kuɗin makaranta, don nafila? Wani zai ce ai kakanninmu ba su nemi izinin kowa ba. Ba haka ba ne. Sun bi madugu, sun biya fito, sun zauna killace don duba lafiya, sun yi shekaru suna aiki da hannunsu don kada su ci haƙƙin kowa. Da suka iso Jidda akwai ganuwa, ba su haura ba, ta ƙofa suka fita. Yau ganuwar dutse ta faɗi, amma akwai ta doka, ƙofarta kuwa ita ce takardar izini. Ku tuna 2020 da 2021, sa'ad da annoba ta sa aka hana baƙi daga waje zuwa Hajji. Mai kuɗi da marar kuɗi duk gida suka zauna. Zuwa kira ne, ba wayo ba.

Saboda haka ga shawara huɗu da Malam ya yarda mu kawo muku.

Ta farko, mai niyyar Hajji ya biya ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa, ko wakilin da ta amince da shi, ya karɓi rasit. In ka yi shakka, zo zauren Liman mu bincika tare kafin ka saki sidi ɗaya.

Ta biyu, wanda ya riga ya sauke farali, begen ya dame shi, ga Umra nan a sauran watanni. Kuɗinta bai kai na Hajji ba, cunkoso bai kai ba, kuma zai sami sukunin zuwa Jidda ya zaga Balad a natse. Sharaɗi ɗaya ne, ya komo kafin kwanakin bizarsa su cika. A yi adashi, wanda a nan mu ke ce ma susu, a tara sannu a hankali. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ta uku, attajirin da ya je sau biyu ko uku, ya dubi sahun da ke bayansa. Akwai ladanin da ya tsufa yana kiran salla bai ga Ka'aba ba. Akwai malamin allo, akwai tsohuwa mai koko da ta raine mu. In ka kai ɗayansu, za ka sake ganin Bab Makka da sabon ido ranar da ya komo yana ba ka labari.

Ta huɗu, ku samari masu waya a hannu, sauran dattawa kaɗan ne cikinmu da suka ji labarin tafiyar ƙasa daga bakin waɗanda suka yi ta. Ku zauna gabansu da ladabi, ku ɗauki maganarsu, ku kawo mu rubuta a littafin Jam'iyya, da boko da ajami. Unguwa ta kan rushe, tsoho ya kan tafi, amma abin da aka rubuta ya kan daɗe.

Allah ya karɓi aikin waɗanda suka je. Allah ya kira waɗanda ba su je ba. Mu masu bege, Allah ya maimaita mana ta hanyar halal, da lafiya, da mutunci. Waɗanda suka kwanta a hanya, tun daga Wadai har Mina, Allah ya jiƙansu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Malam lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Haza wasalamu.