Evangelion: a fara da fim ko da mai dogon zango?

 Yau Evangelion za mu taɓa, saboda tambayar ta yi yawa: wai in mutum ya kalli finafinan, sai ya sake komawa kan mai dogon zangon? Amma fa zan ɗan fasa ƙwai, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri.

Asalin shirin, Neon Genesis Evangelion, Hideaki Anno ne ya ba da umarninsa, aka haska shi a talabijin a Japan daga 1995 zuwa 1996, kashi 26. Labarin Shinji ne, yaro ɗan shekara 14 da babansa ya yi watsi da shi, sai rana ɗaya ya kira shi, ba don kewa ba, wai ya zo ya tuƙa Eva ya yaƙi wasu halittu. Daga baya Anno ya sake ɗinka labarin a finafinai huɗu, daga 2007 zuwa 2021.

Maganar gaskiya, ta fuskar zane finafinan sun wuce wajen. Ku duba faɗan Ramiel a fim na farko, inda aka tattaro wutar lantarkin Japan gaba ɗaya don harbi. A talabijin abin a sandare yake, a fim kuwa sai sauya siffa yake yi, har tsigar jiki na tashi.

To amma ina Asuka? Nan ne nake da ƙorafi. A mai dogon zango sunanta Soryu, kuma sai da muka yi tafiya mai nisa da ita tana ta girman kai da tsiwa kafin a nuna mana abin da ya sami mahaifiyarta. Ranar da ka gane, duk haushinta da kake ji sai ya koma tausayi. Akwai wani waje a kashi na 22, ita da Rei a cikin lifta, kusan minti guda babu wanda ya ce uffan. Wasu na cewa tsimin kuɗi ne. Ko ma mene ne, shirun nan ya yi aiki. A fim an mayar da ita Shikinami, an sauya tarihinta, ga kuma sabuwar yarinya Mari ta shigo ta ci wuri. Ba a ba ka lokacin da za ka tsane ta ba, balle ka yafe mata.

Fim na uku ma tsallake shekara 14 ya yi, ya kama wata hanya daban. Kenan ba taƙaitawa ba ce, wani labarin ne da ke magana da wanda ya riga ya san na farko.

Ni dai shawarata, ku fara da kashi 26 ɗin nan, ku ɗora da The End of Evangelion na 1997, sannan finafinan huɗu. Kashi biyu na ƙarshe za su ɗaure muku kai, duk a cikin tunanin Shinji ake, ku daure kawai.

Wanda ya fara da fim, ya faɗa mana yadda ya ga Asuka. Sai mako mai zuwa.