Jariri tsakanin kaka, malam da likita: jawabi ga magidantan Zango



A Damagaram, jariri na zuwa duniya mutum uku ke jiransa: kaka da baurinta, malam da rubutunsa, likita da ma'auninsa. Kowanensu alheri yake nufi, amma cikin jariri ɗaya ne, kuma bai yi ƙwari ba.

Tsofaffi sukan ce a zubar da dakashi. Alhali wannan nono na farko shi ne garkuwar yaro daga cututtuka. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, domin ruwa marar tsabta ne ke kawo zawo, zawo kuwa shi ke buɗe wa tamowa ƙofa. Wanda ya ga yaran jihohin Damagaram da Maraɗi a yunwar 2005 ya san ma'anar tamowa.

Addini bai saɓa wa wannan ba. Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ambaci shayarwa ta shekara 2 cikakku. Addu'a ana tofa wa yaro ita, rubutu kuma uwa tana iya sha.

Sauran nauyin na maigida ne. Shi zai lallashi mahaifiyarsa cikin ladabi, shi zai ciyar da mai jego. Bayan wata 6, a ƙara wa kunun gero gyaɗa, wake ko zogale. Wanda ya iya sayen ragon suna ba ya rasa kuɗin wake.

Allah ya raya zuriya.